Kwalin Ah Ee Almakashi

A layinmu, cikin tsohon garin George Town da ke tsibirin Penang, jariri ba ya cika wata a duniya ba tare da bargon gida ɗari ba. Da zarar ciki ya fito, kaka za ta bi gida-gida tana sanarwa. Kowane gida sai ya ciro tsohuwar riga ko wandon da ya gama aiki, a yanyanka ƙanana, a harhaɗa su falle ɗaya mai kusurwa huɗu, a kawo. Falle ɗari daga gida ɗari, goma a tsaye goma a kwance, don yaro ya kwanta cikin arzikin mutum ɗari. To amma hannu ɗari ba sa ɗinki iri ɗaya. Wata ta kawo nata da kunne, wata ta kawo a karkace, don haka kafin a haɗa fuskar bargo dole wani ya datse bakin kowane falle su zo daidai. Shekara arba'in da biyu wannan aikin yana hannun mace ɗaya, Gaik Sim, wadda muke kira Ah Ee Almakashi, wato Inna Almakashi, idan mun tabbatar ba ta kusa.

'Yar manomin kanumfari ce daga Balik Pulau. An kawo ta layinmu amarya tana da shekara goma sha tara, gidan Teik Hock mai gyaran sikelin 'yan kasuwa. Surukarta ce mai datsa a lokacin, kuma da tsohuwar ta ji jiki ya ƙi, ba ta bar wa amaryar sarƙa ko awarwaro ba. Baƙin almakashi ta ba ta, da wani kwali mai kauri da aka yanko daga murfin akwatin kek ɗin bikin wata, inci biyar ta kowane gefe, an goge shi da kakin kyandir har yana sheƙi. Gaik Sim ta karɓi kwalin nan da hannu biyu. Daga ranar ya samu mazauni a kan teburin kakanni, inda ake girmama magabatan gida, kusa da tukunyar turare, kuma ko mijinta bai isa ya ɗaga shi don goge ƙura ba.

Aikinta na safe ne, bayan an dawo kasuwa. Za ta fito da tebur baranda, ta goge kowane falle da dutsen guga na gawayi, ta ɗora kwali a kai, ta danne da hagu, sannan ta bi gefensa da almakashi. Matse bakin almakashin take yi a jikin kwalin sosai, don ita ba ta yarda da rata ba ko ta gashi ɗaya. Abin da ta datse kuwa ba ta yar da shi shiru. Sai ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Na gidan wa wannan? Na Madam Quah? To a gaya mata na gode, na samu igiyar shanya. Ke da ba ki iya awon ƙyalle ba, ina mamakin yadda kike auna gishirin miya."

Haka muka taso muna ji. Shekara ta bi shekara, abin da take datsewa yana ƙara faɗi, faɗanta ma yana ƙara tsawo. A bakinta matan yanzu ba su da hannu, kullum ƙara lalacewa suke yi. Mace ta ɓata kwana uku tana ɗinka kifi a fallenta don yaro ya samu yalwa, a datse wa kifin wutsiya. Wata ta ɗinka tsuntsu, ya shiga bargo babu baki. Akwai shekarar da wani kunkuru, alamar tsawon rai, ya rasa kai gaba ɗaya, aka kuma lulluɓe jariri da shi haka nan, mai kunkurun ce ma ta je ba da haƙuri.

Akwai kuma al'adarmu ta ranar cikar wata. Bayan an raba jajayen ƙwai da shinkafar kurkum, sai a shimfiɗa bargon a kwantar da jariri a kai, a ƙirga falle nawa ya rufe daga kai zuwa diddige. Iyayenmu sun ce a zamaninsu lafiyayyen yaro falle biyar yake. Mu a namu zamanin sai yara suka koma biyar da rabi, daga baya shida, har aka samu mai shida da ɗoriya. Bargon da a da yake kai yaro har ya shiga makaranta, yanzu tun yana shekara uku ƙafa ta leƙo waje. Layi gaba ɗaya ya zauna ya yi nazari, ya gano dalili: madarar gwangwani ce. Gaik Sim ce kan gaba wajen wannan bayani. Ta ce madarar Turawa tana miƙar da yara kamar taliya, tsawo ba ƙwari. Har malamin makarantar da ke ƙarshen layi, mai rula uku a aljihu, ya gyaɗa kai ya ce akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Teik Hock dai mai gyaran sikeli ne, mutumin da ke gane an sace giram biyu daga nauyin tafin hannunsa. Kullum da safe yana zaune a gefe da kofinsa, yana kallon ɗan farin gari da ke zuba ƙarƙashin teburin matarsa duk lokacin da almakashi ya gogi kwali. Sau ɗaya aka ji ya yi gyaran murya. Ta ɗago ta dube shi, ya ce kofin ne ya yi zafi. Ya rasu da maganar a cikinsa, kuma kowa ya shaida mutumin kirki ne mai son zaman lafiya.

Mutum ɗaya ce ta taɓa buɗe baki, ita ce Bee Tin. Tare aka kawo su layin nan suna amare, gidajensu suna kallon juna, tare suke zuwa kasuwa ƙarƙashin lema ɗaya. Bargon farko da Gaik Sim ta datsa a rayuwarta na ɗan Bee Tin ne, Kok Leong. Da aka buɗe masana'antun ɗinki a unguwar Bayan Lepas, Bee Tin ta samu aiki a can, ta dawo da rula ta ƙarfe da ɗabi'ar auna duk abin da ta gani. Wata safiya, mata sun fi goma a baranda, ta ɗora rular a kan kwalin ta ce,

"Ah Sim, kwalin nan naki ya rame fa. Inci huɗu da rabi yake."

Gaik Sim ta ajiye almakashi a hankali.

"Kwalin surukata ne ya rame? Ko dai rular da kika sato wurin aiki ce ta kumbura?"

"Ban sato ba, ba ni aka yi. Kuma ƙarfe ba ya kumbura."

"Wata uku kina taka keken Bature, har kin fi kakanni sanin inci. To ɗauki ƙarfenki ki tsallaka titi. Idan na sake ganin inuwarki a barandar nan, ita ma sai na datse ta."

Bee Tin ta ɗauki rularta ta tsallaka. Faɗin titin bai fi taku goma sha biyu ba, amma shekara ashirin da huɗu babu wadda ta sake taka shi zuwa ƙofar 'yar'uwarta. Sauran matan kuwa sun ga abin da ya samu mai rula, kowa ta mai da tata cikin akwatin keken ɗinki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idanun layinmu sun koyi kallon gefe.

Ana nan har shekarar da Gaik Sim ta cika sittin da uku. 'Yarta tilo, Lay Peng, wadda ta shekara goma sha ɗaya da aure babu ko ɓari, ta samu ciki. Duk masifar Gaik Sim, ranar da ta ji labarin sai da ta shiga bayan gida ta yi kuka, ta fito ta ce albasa ce. Ta datsa wa 'ya'yan kowa bargo, tana kallon 'yarta tana raba jajayen ƙwai a bikin wasu. Yanzu ga nata ya zo, kuma ta rantse babu bargon da za a kwatanta da na jikanta a duk tsibirin Penang.

Sai dai layin ba kamar da ba ne. Rabin mutane sun koma dogayen benaye a bayan gari, wasu gidajen sun zama shagunan sayar da kayan tsaraba. Gaik Sim ta hau bas da lemarta ta bi tsoffin maƙwabta har hawa na goma sha huɗu. Ta karɓo falle wurin matan haikali, wurin matar Ba'indiye mai shinkafa a bakin titi, wurin wata nas Bamalaya da ta taɓa yi mata allura. Matan da ta shekara arba'in tana zagi duk sun ɗinka sun ba ta, don ba a hana jariri arziki saboda bakin kakarsa. Ta goge, ta datse, ta jera, ta ƙirga: casa'in da tara. Ta sake ƙirgawa daga ƙasa, ko da ƙasan zai fi tausayi. Casa'in da tara.

Lay Peng, da cikinta wata takwas, tana zaune tana kallonta.

"Ma, ga gida can tsallaken titi."

"Babu gida a tsallaken titi. Bango ne da taga."

"To a yi da casa'in da tara."

"Ki haifi ɗa bayan shekara goma sha ɗaya, in lulluɓe shi da arzikin da bai cika ba? Rufe min baki."

"To ki ɗinka ɗaya da kanki, wa zai sani?"

"Kakanni ba makafi ba ne."

Washegari da hantsi, uwar tana kasuwa, Lay Peng ta tsallaka titi da kanta, ta dawo da ƙunshin jan takarda ta ajiye a kan teburin baranda.

Gaik Sim ta san daga inda ya fito. Ta yi kamar ba ta gani ba har ta gama fere kabewa, sannan ta buɗe da yatsa biyu. Falle ne tsoho, ya sha wanki har launinsa ya kwanta. Ta goge shi, ta ɗora kwali, sai ga ƙyalle ya leƙo ta kowane gefe, faɗin yatsa guda. Daɗi ya kama ta. Ta ɗaga murya yadda za a ji a tsallake.

"Kun gani ko? Mai rular ƙarfe ke nan! Shekara ashirin da huɗu har yanzu ba ta iya awo ba. Wannan falle ne ko tabarma?"

Ta ɗauki almakashi ta buɗe bakinsa, sai idonta ya tsaya a kan wani ɗan yanki a tsakiya, shuɗi mai ƙananan furanni farare. Ta san rigar. Da ita ta shigo layin nan ranar da aka kawo ta. Ta juya fallen ta dubi bayansa, ga ɗinkinta, ƙanana-ƙanana a jere, da ƙullin da take yi sau biyu a ƙarshe, wanda babu mai yin irinsa. A gefe kuma ga ramukan allura inda aka warware shi daga jikin wani bargo. Fallen da ita ta ɗinka wa Kok Leong ne shekara arba'in da biyu da suka wuce. Ita ta datse shi da hannunta, da wannan almakashin, a jikin wannan kwalin.

Ta daɗe a tsaye da almakashi a buɗe. Idan ta datse, ta ce ita Gaik Sim ta yi kuskuren awo. Idan ba ta datse ba, ta ce kwalin ya yi ƙarya. Ta nemi wanda za ta ɗora wa laifin ta rasa, domin a duk fallen babu hannun kowa sai nata. Ta dubi ƙasan tebur, inda ɗan farin garin nan yake zuba kullum, ta tuna gyaran muryar Teik Hock, sai ta ji kunya ta kama ta har cikin ƙashi.

Da la'asar mutanen layi suka ga abin da ba su taɓa zaton gani ba. Ah Ee Almakashi ta tsallaka titi, kwali a hammata, fuska a murtuke kamar mai zuwa karɓar gawa. Bee Tin tana zaune tana tsinke wake.

"Ah Tin."

"Wa nake ji kamar mai datse inuwa?"

"Rular nan taki tana nan?"

"Wadda ta kumbura?"

"Ɗauko dai."

Aka ɗora ƙarfe a kan kwali. Inci huɗu cif.

"Zafin garin nan ne," in ji Gaik Sim. "Yana sa abu ya tsuke."

"Sosai ma. Ni ma na lura, tun da aka fara madarar gwangwani rana ta ƙara zafi."

Gaik Sim ta zauna a kan benci ba a ce ta zauna ba. Ta ce, cikin ƙaramar murya da ba mu san tana da ita ba, "Kin warware bargon ɗanki."

"Kok Leong direban bas ne yanzu, kujera biyu yake cikawa. Ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da shi ba. Na ce jikanki ya ɗan samu daga ciki." Ta ci gaba da tsinkar wakenta. "Casa'in da taran fa, kin riga kin datse?"

"Duka."

"To abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Sai dai a yi musu baki."

Haka aka yi. Suka sayo jan yadi suka yanka siri-siri, suka yi wa kowane falle baki ta gefe huɗu har ya kai girman tsohon. Mako uku keken Bee Tin yana kuka a barandar Gaik Sim, su biyun suna faɗa a kan zare, a kan wadda ta fi tsufa, a kan wata lema da ta ɓata tun kafin a haifi Lay Peng. Tsohon fallen suka sa shi cikin na tsakiya, shi kaɗai babu jan baki. Kwalin kuwa ya koma teburin kakanni. Duk wadda ta tambayi dalilin jan layin, Gaik Sim sai ta ce sabon yayi ne daga Singapore, mutanen layin nan ba su waye ba. Bee Tin tana ji ba ta tanka, don ta ga tsohuwar ta tsallaka titi, kuma a ganinta hakan ya isa.

Lay Peng ta haifi namiji. Ranar cikar wata gida ya cika, har waɗanda suka koma benaye sun zo. Aka ci shinkafar kurkum da miyar kaza, aka yaba bargo, Madam Quah ta ce ita dama ta taɓa ganin irinsa a Singapore. Sannan aka shimfiɗa shi a tsakar ɗaki, aka kwantar da jariri, mata suka sunkuya suna ƙirgawa da baki ɗaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Diddigen yaro ya tsaya a nan.

Aka ja ƙafarsa kaɗan, bai ƙaru ba.

"Biyar?" in ji Madam Quah. "Jikana shida da kwata ya yi."

"Nawa ma shida."

"Haihuwar girma ke nan, yaro ba ya cika."

"Ko nonon ne bai ishe shi ba? A gwada masa gwangwani mana."

"A kai shi asibiti dai a duba, kada a zauna."

Magana ake ƙasa-ƙasa, irin wadda kowa ke ji. Lay Peng ta ɗauke ɗanta ta rungume. Shekara goma sha ɗaya tana jin irin wannan raɗar a kanta, yau kuma an fara yi wa ɗan da bai fi wata ba. Ta dubi uwarta, hawaye ya zubo.

Gaik Sim ta dubi Bee Tin. Bee Tin tana ɓare jan ƙwai a hankali, ba ta ɗago ba. Babu wanda ya sani sai su biyu, kuma da Gaik Sim ta yi shiru, da ta mutu tana Ah Ee Almakashi wadda awonta bai taɓa kuskure ba. Ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara, ta je teburin kakanni ta ɗauko kwalin. Ta durƙusa ta ɗora shi a kan tsohon fallen da ke tsakiya, shuɗin ƙyalle ya leƙo ta kowane gefe.

"Ku buɗe ido ku gani, tun da ba ku da aiki sai ƙirga ƙafar jariri. Wannan ni na datse shi, da wannan kwalin, shekarar da aka haifi Kok Leong. Jikana lafiyarsa ƙalau. Falle biyar yake, kamar ubanninku. 'Ya'yanku ma ba su yi wani tsawo ba. Kwalina ne ya cinye, ni na cinye shi da almakashina, ina zagin ku."

Can sai wata tsohuwa daga baya ta ce, a hankali,

"Ashe kunkuruna ba shi da laifi."

"Ba shi da laifi," in ji Gaik Sim. "Kifin Madam Quah ma haka."

Ta miƙa hannu ta karɓi jikanta daga wurin Lay Peng, ta naɗe shi cikin bargon, ya ɓace a ciki sai ɗan kansa. Bee Tin ta matso ta tura mata rabin ƙwan da ta ɓare a baki, ta ce ta ci kafin ta ƙara faɗar wani abin da zai sa gobe ta ƙi fitowa baranda.